Daminar da Na Rasa Hancina

Marka ta kama mu a Gaya tun makon jiya. Ba ruwan kirki ba ne mai zuwa da tsawa ya zuba ya wuce. Irin yayyafin nan ne da ke wuni yana tsiyaya, zane ya kwana a igiya bai bushe ba, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya jiƙe a gwangwani. Shekaranjiya da safe na shiga wurin 'yata Mariyama, wadda ita ke riƙe da rumfata ta kasuwa yanzu, na tarar da ita zaune a bakin gado, ido ja, hanci ja, tana jera atishawa kamar an sa ta. Ga 'yar kwalbar fesawa a hanci da ta sayo a farmasi, ga ƙwayoyi a leda.

Ta ce, "Mama, kaina kamar an cika shi da siminti."

Na ce, "Sannu. Tun yaushe?"

"Tun da ruwan nan ya zauna."

Muryarta, wadda ke fita ta baki kaɗai, ita ta mayar da ni baya fiye da shekara ashirin, wata daminar da ita tana goye a bayana.

Ni kifin banda nake saye da sayarwa. Ban gaje shi ba, ubana manomi ne a Tanda. Da faranti a ka na fara, ina bin tasha. Abin da ya ɗaga ni daga faranti zuwa kwanduna ba jari ba ne, hanci ne. Kifin banda maƙaryaci ne. Sai ki ga bayansa baƙi yana sheƙi, cikinsa kuwa ɗanye, musamman da damina da itace ke jiƙe, hayaƙi ya yi yawa wuta ta yi kaɗan. Irin wannan kifin kwana kaɗan zai yi a kwando ya fara tsutsa daga tsakiya. Ido ba ya ganinsa. Hanci ne ke kama shi, wani ɗan tsami-tsami a ƙarƙashin ƙamshin hayaƙi.

A wancan lokacin a tungar Baba Zibo nake saye, wani tsohon masunci a gangaren kogi, sai an shiga jirgi ake zuwa. Suna da al'adarsu. Kwandon da masunci ya jera ya ɗaure, mai saye ba ya zazzage shi. Zazzagewa zagi ne, ka kira shi ɓarawo ke nan. An yarda ka ɗaga ganyen da aka rufe bisa, ka duƙa ka sa hanci. In ka ce, "Wannan a mayar da shi wuta," mai kaya na da zaɓi biyu: ya mayar ba tare da magana ba, ko ya zazzage da hannunsa a gaban kowa. In aka zazzage aka tarar lafiya lau, sai ka ɗauki takalmanka, ba ka ƙara saye a tungar.

Abin da na sayo kuwa, kusan duka wata Hajiya Bibata ce ke ɗauka a Dosso. Ita ma ba ta buɗewa. Kamyo, wato motar kaya, ya sauke, ta rarraba wa masu tuwo-tuwo da kalmata kaɗai. Da wannan cinikin nake sayen gishiri da mai da sabulu da duk abin da gona ba ta bayarwa.

A shekarar da ta gabaci wadda nake faɗa, ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero ke cikin fidda kai. Abin da mijina Malam Isa ya girbe bai kai rabin rumbu ba. Bazara ta zo da zafin da kaza ke buɗe baki a inuwa, rijiyar unguwa ta ja baya har igiya ta ƙi kaiwa, aka dinga ƙulla mata tsumma. In kin bi ta bayan gidaje kika ƙwanƙwasa rumbu, sai ya amsa miki kamar ganga. Ruwan farko kuma da iska ya zo. Ya ɗauke jinkar rumbunmu ya jefa gidan maƙwabta, ya tsaga gefensa tun daga bisa har ƙasa.

Surukata, wadda muke kira Inna, ita ce ta yanke shawara. Kafin gari ya gama wayewa ta sa ni da ɗanta muka kwashe sauran damman geron muka shigar ɗakina. Ɗakina ne kaɗai mai rufin kwano, gadona kuma na ƙarfe ne mai tsawo, da zanen gado mai sauka har ƙasa. Muka cusa su a ƙarƙashi, muka saki zanen. Da matan unguwa suka zo jaje, Inna ta tafa hannu ta ce, "Ruwa ya gama da shi. Sai dai Allah ya mayar."

Wanda bai ga yunwa ba zai ce rowa ce. A garin nan, in aka san kina da hatsi, mace ta shigo da ƙwarya ta ce yara ba su ci ba, ba ki da bakin hana ta. Ta tafi, wata ta shigo. Inna ta ga yunwar da ta fi wannan tun tana yarinya, ta binne ƙanne biyu a cikinta. Kullum maganarta ita ce, abin da ido bai gani ba baki ba ya roƙonsa.

Haka muka shiga damina. Malam ya fita da asuba da hauyarsa, cikinsa babu komai sai ruwan kunu. Da hantsi in bi shi da fura wadda in kin leƙa ƙwaryar sai ki ga fuskarki. Da rana kwaɗon tafasa ko zogale da ɗan ƙuli-ƙuli. Da yamma tuwo, rabi gero rabi garin rogon da ake ƙetarowa da shi ta gada. Shi kansa geron ba a dakansa sai ana ruwa, don turmi ba ya riƙe asiri. Da hadari ya haɗo, Inna ta zaro 'yan zangarniya ta zauna tana jira. Ruwa na fara dukan kwano, mu fara dukan turmi. Ruwa ya tsaya, mu tsaya, ko da tsaki ne a ciki.

Ciwon da atishawa ya fara. Ina buɗe ido da asuba sai ta kama ni, ɗaya bayan ɗaya har Mariyama ta farka ta fara kuka. Ruwa fari ya dinga zuba a hanci kamar randa ta tsage. Ido na ƙaiƙayi, ganɗa na ƙaiƙayi, har cikin kunne. Na ce mura ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Hancin ya toshe gaba ɗaya, dama da hagu. Daga nan nauyi ya sauko goshi da ƙasan ido, haƙoran bisa suka fara zogi kamar na tauna dutse. In na yi sujada sai in ji kamar fuskar za ta zube a tabarma. Barci da baki buɗe, in tashi harshe kamar fatar ganga.

Ranar da na san abin ya wuce wasa, ina tsaye a kan murhu ina juya miya. Inna ta fito daga ɗakinta da gudu tana cewa, "Rabi, gidan za ki ƙona mana?" Gindin tukunyar ya kama ƙurmus, ni ina bisa kanta, ban ji komai ba. Na ɗauki daddawa na kai hanci. Kamar na ɗauki ƙasa.

Ban faɗa wa kowa a tunga ba. 'Yar kasuwa ba ta tallan rauninta. Na ci gaba da zuwa, in duƙa a kan kwando in ja numfashi kamar yadda na saba, alhali ido nake aiki da shi. In dubi inda ƙuda suka fi sauka, in ɗaga kwandon in ji nauyinsa, in ƙwanƙwasa na bisa da farce. Dabarar ta fisshe ni sau ɗaya, ta fisshe ni sau biyu. A na gaba ta kayar da ni. Direban kamyon Dosso ya same ni a tasha, ya ja ni gefe, don mutumin kirki ne.

Ya ce, "Hajiya Bibata ta ce a gaishe ki. Ta ce kwando biyu a bola suka ƙare, kuma ita ta sha kunyar. Ta ce in hancinki ya tsufa ki faɗa mata, akwai masu jira."

Na ce, "Ka ce mata na ji."

Na san Hajiya Bibata. Ba ta aika saƙo sau biyu.

Magani kuwa babu wanda ban yi ba. Inna ta fara da sirace: ganyen turare, ganyen dogon yaro, lemun tsami da citta a tukunya, a lulluɓe ni da bargo har in ga kamar zan narke. Yana buɗewa, gaskiya, nauyin goshin ya ragu, amma kafin in idar da sallah ya koma ya rufe. Wata ta kawo mini garin taba ta ce in shaƙa, na yi atishawa har na ga taurari da rana tsaka, hancin ya ƙara kumbura. Na shafa man zafi har fata ta saluɓe. Sai wani mai tebur a ƙetaren gada ya sayar mini da 'yar kwalba ta ɗigawa. Wannan kam na ce na samu. Ɗigo biyu, hanci ya buɗe kamar ƙofar zaure. Amma da farko safe da yamma nake ɗigawa, sai ya koma kowace sallah, sai ya koma ba na fita sai da ita a ƙullin zane, kuma in ƙarfinta ya sake ni, toshewar ta fi ta da. Ƙamshi kuwa ko da ya buɗe ba ya dawowa.

Kowa ya zama likita, kuma bakinsu ɗaya. Hayaƙin banda ne da sanyin kogi. Malam ya ce, "Ki bar kifin nan hakanan, Rabi. Lafiya ta fi."

Na ce, "In na bar shi, da me za a sayo garin da ake haɗa tuwon?"

Ya ɗauki hauyarsa ya fita.

Na je likita na ga majo, malamin jinyar da ke duba marasa lafiya, wani dogo mai furfura. Ya haska mini hanci da tocila, ya danna ƙasan idona da yatsa, na yi tsalle. Na nuna masa kwalbar, ya karɓa ya jefa a kwandon shara.

Ya ce, "Wannan ta kwana uku ce, ke kin mayar da ita abokiyar zama. Ita ke ƙara rufe ki yanzu. Kuma ba mura gare ki ba. Mura baƙuwa ce, ta yi mako ta tafi. Hancinki faɗa yake da wani abu da yake shaƙa kullum."

"Mene ne abin?"

"Ni ba a gidanku nake kwana ba. Wataƙila hayaƙin kifinku ne. Ke za ki nemo shi."

Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce suna sa barci. Ya ce in tafasa ruwa, in bari ya huce, in sa gishiri ɗan kaɗan, kada ya fi ɗanɗanon hawaye, in dinga wanke hancin safe da yamma. "Kin iya alwala ai. Shaƙa da facewa ne, a hankali." Ina da gishirin Foga da wata 'yar Bengu ke kawo mini. Na narka shi, na tace da tsumma mai tsabta, na tafasa. Barin kwalbar nan ya ba ni wuya, kwanakin farko kamar an danna mini kai a tulu. Amma wankin ya fitar da majina mai kauri, zogin haƙora ya lafa. Atishawar asuba dai tana nan, ƙamshi bai dawo ba.

Ana cikin haka na sake shiga jirgi zuwa tunga, ba don in saya ba, don kada a manta fuskata, domin matan ƙetaren gada masu sayen kifi sun fara zagaya Baba Zibo. Ina can hadari ya taso, kogi ya yi ja ya kumbura, mai jirgi ya ce ko uwarsa ce a Gaya ba zai koma ba. Dole na zauna, Mariyama a bayana, a bukkar matar Baba Zibo, Iya Fati, wadda ke jingine da wurin banda. Hayaƙi ta ko'ina, sanyin kogi ta ƙarƙashin tabarma. Na ce a raina yau kam sai gawata.

Safiya ta farko na yi atishawa biyu ta tsaya. Safiya ta biyu na tashi na zauna ina jiranta, ba ta zo ba. Ɓarin hagu ya buɗe da kansa. Na fito waje, sai wani abu ya gilma mini, siriri kamar zare: warin kwaltar da suke liƙe jirgi da ita. Na tsaya kamar an dasa ni.

Iya Fati na wanke wa Mariyama fuska. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta zagaye-zagaye. Ta ɗaga majanyin goyon ta sansana, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Rabi, ke a cikin rumbu kike kwana? Zanenki duka warin hatsin da ruwa ya shiga yake. Tun ranar da kika zo nake ji."

Na ce, "Damina ce, Iya."

Ta ce, "Mu ma damina muke."

A jirgi da muke komawa na yi ta juya maganar. Hayaƙin da kowa ya ɗora wa laifi, na kwana a cikinsa na samu sauƙi. Amma ban yarda nan take ba. Ni kaya ba na yanke masa hukunci da gwaji ɗaya. Na kwana a ɗakina, asuba ta yi, atishawa ta dawo da 'yan'uwanta. Na ce wa Malam zafi nake ji, na kai tabarma rumfar tsakar gida na kwana biyu, abin ya ragu. Na koma ɗaki, ya dawo. Sannan na rufe ƙofa, na ɗaure hanci da ɗankwali, na ɗaga zanen gado. Damman bisa da muke zara lafiya suke. Na kwanta rubda ciki na jawo na can ƙurya, wanda ke kan daɓe. Ya yi baƙi da kore, farin zare ya lulluɓe shi kamar saƙar gizo, ina taɓa shi wani gari ya tashi. Ƙasan ɗakin ya sha ruwa ta gindin bango ba mu sani ba.

Na ɗauko damin na ajiye a gaban Inna da ɗanta.

Na ce, "Ga ciwona. A fitar da geron nan duka, a shanya, a sussuke."

Inna ta dubi ƙofar gida kafin ta dube ni. Ta ce, "Rufe bakinki. A ina za a shanya? A tsakar gidan da kowa ke leƙowa? Na ce wa mutane ruwa ya ci. A kan hanci za ki tona mana asiri?"

"Inna, hancin nan shi ke sayo rabin tuwonmu."

"A ƙara miki sirace."

"Ko kogi za a tafasa mini, in dai ina kwana bisa wannan, ba zan warke ba."

Ta ce, "Ke ba ki san yunwa ba, yarinya. In aka fitar da shi, kafin la'asar rabi ya tafi."

Na ɓalle zangarniya ɗaya na murza a tafin hannuna. Ta zama baƙin gari. Na miƙa mata.

Na ce, "Ai yana tafiya tun yanzu. Maƙwabta in sun ci za su ce an gode. Fumfuna ci take ba sallama."

Malam ya shiga ɗakin da kansa ya jawo dami biyu. Ya fito yana tari. Ya durƙusa a gaban uwarsa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Gara kunya da asara biyu."

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗakinta ta saki labule. Amma ranar da rana ta fito sosai, ita ce ta fara shimfiɗa tabarmi.

Na yi lissafina tun kafin ranar. Tunda za a gani, gara a gayyato mutane da a bari su leƙo. Na bi gida-gida na ce muna gayyar sussuka, duk wadda ta zo da taɓaryarta za ta koma da rabonta. Wadda ta yi aiki ta karɓa ba roƙo ta yi ba, mu ma ba sadaka muka yi ba, kuma an san iyakar abin da za a bayar. Mata suka zo, har da waɗanda ban kira ba. Wata maƙwabciyarmu mai baki, Ta-Bana muke ce mata, ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu tana kallon damman da aka baje.

Ta ce, "Ikon Allah! Inna, ashe ruwan da ya ci geronku ya amayar da shi?"

Inna ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ruwa ne mai kunya. Ba kamar wasu ba."

Aka kwashe da dariya, Ta-Bana ta fi kowa, ta ɗauki taɓarya.

Abin da ya fi mini wuya shi ne, ni ba ni da halin tsayawa. Ƙaiƙayin sussuka da garin fumfunar nan in na shaƙe su, aikin banza aka yi. Mace irina, wadda ko barkono ba a auna mata a bayan ido, na ɗauki 'yata na tafi gidan gwaggona a wata unguwa, na bar hatsina a hannun mata goma sha. Daga can ina jiyo luguden taɓare, ina jin kamar a ƙirjina ake yi. Daga baya aka ba ni labari cewa Inna ta kifa turmi ta zauna a kai, tiya a cinyarta, ba wadda ta auna ko ƙwara sai ita. Wanda ya yi baƙi aka ware aka ƙone, Inna na kallo tana share ido, ta ce hayaƙi ne.

Malam ya fitar da gadon, ya kankare daɓen, ya zuba garwashi ya busar da shi, ya toshe gindin bangon, ya shafe ɗakin da farar ƙasa. Katifa ta sha rana, kayan sawa duka aka wanke. Geron da ya rage aka zuba a tuluna aka liƙe baki, aka kai ɗakin Inna.

Hancin bai dawo rana ɗaya ba. Na riƙe ruwan gishirina safe da yamma kamar sallah. Atishawa ta fara raguwa, nauyin goshi ya sauka, wata safiya na ji hayaƙin murhu, wata rana na ji albasa. Daddawa ce ta ƙarshe. Ranar da na kai ta hanci na kawar da kai, na ce wa Malam gobe zan shiga jirgi.

Na tarar da tungar cike, har da matan ƙetare uku zaune a kan jirgin da aka kife. Baba Zibo ya gaishe ni da yarensu, ya ce, "Fofo, Rabi. Mun ce ko kin yi arziki kin manta da mu." Aka jero kwanduna. Na duƙa a kan na farko: tarwaɗa, bushewa har ƙashi, itacen marke. Na biyu haka. A na huɗu na ɗaga ganye na ja numfashi, sai ga shi, ɗan tsamin nan, can ƙasa, kamar mai ɓuya a bayan ƙofa. Na sake ja. Yana nan.

Wata biyu hancin nan bai yi aiki ba. In ƙarya yake mini, na rasa tungar. In na yi shiru na ɗauka kuma gaskiya yake faɗa, na rasa Dosso. Na miƙe na ce, "Wannan a mayar da shi wuta."

Kwandon na babban ɗan Baba Zibo ne, mutum mai zafin kai. Ya ce, "Ni na banda shi da hannuna. An ce ma hancinki ya mutu, duk kasuwa ta sani."

Ashe ana sane. Na ce, "To, ga ka ga kwandonka."

Matan ƙetare suka matso. Ya tsinke igiyar ya kifar da shi a tabarma. Na bisa suka zubo suna ƙara kamar busasshen itace. Na tsakiya suka faɗo a dunƙule, ɗaya ya fashe, ga farin abu yana motsi a ciki.

Baba Zibo ya dubi ɗansa, ya dube ni, ya ce, "Wanda ya ce hancin ya mutu, ya je ya karɓo kuɗin likkafaninsa." Ya sa aka ɗora mini sauran kwandunan a jirgi.

Hajiya Bibata ba ta aiko da yabo ba, ba halinta ba ne. Kamyo ya dawo da kwandunan wofi da saƙon a ƙaro. Mun yi ciniki da ita har ta rasu.

Ba zan ce abin bai ci mu ba. Geron ya ƙare kafin sabo ya nuna, kamar yadda Inna ta faɗa. Makonnin ƙarshe garin rogo da ganye muka ci, wanda kifi ya sayo, Malam ya rame har wandonsa sai da igiya. Cikin matan da suka karɓi rabo, wasu sun zo da mazansu ranar da aka sake gina rumbu, wasu ko sannu. Ta-Bana ce ta aiko da tumun farko daga gonarsu, zangarniya uku a gasa, ta ce a ba ruwa mai kunya. Inna kuwa har ta koma ga Allah tana faɗa wa mutane siracenta ne ya warkar da ni, ban taɓa musa mata ba.

Yanzu rumbun ma babu shi, buhu muke saye. Ɗakin Mariyama siminti ne har bango, ga farmasi a kowace kwana, maganin fesawar ma majo na yanzu ya ce mai kyau ne, ba irin kwalbata ba. Na ce ta ci gaba da shi, na ce a dafa mata ruwan gishiri. Sannan na zauna kusa da ita a bakin gadon, na ja numfashi a hankali. Ta dube ni, ta kawar da kai.

Na ce, "Me ke ƙarƙashin gadon nan?"

"Babu komai, Mama."

"Mariyama."

Ta yi atishawa, ta share hanci. Ta ce, "Dilar gwanjo ce guda biyu, daga Kwatano. Sai sallah zan fitar. In dangin mijina suka gani, kowa sai ya zaɓi riga."

Na tashi na ɗaure hancina da ɗankwali, na kama bakin zanen gadon.

Na ce, "Kama wancan gefen."